Watanta Ya Kama: A Sa Ruwan Naƙuda Ko A Jira?

Ranar wata Alhamis cikin Agusta ƙanwata ta dawo daga awo, ta zube a kan tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta miƙo mini katinta. Cikin fari ne, ta zo gida goyon ciki tun yana wata bakwai.

"Yaya, duba mini. Malama ta ce in Talata ta zagayo ban haihu ba, in tafi babban asibiti a sa mini ruwan naƙuda."

Inna tana tankaɗe. Ta ajiye rariyar ta dube mu. "Ikon Allah! Yaushe haihuwa ta zama cin kasuwa har ake sa mata rana? Ku tara na haifa a ɗakin can, ba wanda aka tsinko. Mangwaro in ya nuna da kansa yake faɗowa."

Irin wannan gardama ana yin ta a gidaje da yawa daga Ringim zuwa Rano, kuma takan ƙare ne a kan wanda ya fi ƙarfin murya a gidan. Inna tana da gaskiya, malamar asibiti ma tana da tata. Abin da zai raba gardamar abu biyu ne da ba a cika tambaya ba: an tabbatar da kwanakin cikin nan kuwa? In kuma jiran za a yi, a ina za a yi shi?

Mu fara da lissafi, don a nan ake fara ɓata.

A asibiti ana ƙirga ciki ne daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, a lissafa kwana 280, wato sati 40. Mu kuwa a gida da watan sama muke ƙirga, wanda kwanansa 29 ne ko 30. Wata tara na sama bai fi kwana 266 ba. Ka ga ke nan kwana 280 wata tara da rabi ne. Matar da hankalinta ya tashi don ta shiga wata na goma, mai yiwuwa daidai take, ko kwana ɗaya ba ta ƙara ba. Ranar nan da ake rubutawa a kati ma kintace ne: jariran da ke zuwa a ainihin ranar ba su wuce 5 cikin 100 ba. Daga sati 37 zuwa 42 duk lokacin haihuwa ne. Wannan ragi da ƙari ba sabon abu ba ne, aya ta 8 a Suratur Ra'adi ta ambaci abin da mahaifu ke ragewa da abin da suke ƙarawa.

To amma wace ce ke riƙe ranar jininta na ƙarshe? Ka tambayi mace a ƙauye, sai ta ce bayan Sallah ƙarama ne, ko ana cikin yankan gero. Wadda ta yi kwanika kuwa ba ta ma ga jinin ba tun haihuwar baya, sai motsi kawai ta ji. Sai a ce a yi sikanin. Shi kuma sikanin yana da nasa sharaɗi wanda masu ɗauka ba su cika bayyanawa ba. In an yi shi ciki yana wata uku ko ƙasa, kuskurensa bai kai sati guda ba, domin a lokacin duk 'yan tayi kusan girmansu ɗaya. In aka bari sai wata na bakwai ko takwas, na'urar girman ɗa take aunawa ta yi hasashen kwanakinsa, ga shi kuwa wani ɗan ƙato ne wani ɗan tsurut. A nan kuskure kan kai sati uku, gaba ko baya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016, ta ce a fara awo cikin sati 12 na farko, a je sau takwas, a kuma yi sikanin sau ɗaya kafin sati 24. Mu kuwa kunya da tsoron bakin mutane kan sa a ɓoye ciki har sai zani ya tona asiri, a je awon farko a wata na biyar ko shida.

Ka ƙaddara an yi sikanin a makare, takarda ta ce sati 41, alhali ainihin cikin sati 38 ne, ko ma wani lissafin ya ce 39 alhali 36 ne. Aka tayar da naƙuda. Tsinkowar da Inna ke tsoro ke nan. Huhu yana cikin abubuwan da ke ƙarasa ƙwari a ƙarshe, kitsen da ke riƙe wa jariri ɗumi a satuttukan ƙarshe yake taruwa, ƙwaƙwalwa ma tana ta girma. Ɗan da aka fito da shi da wuri yakan yi fama da numfashi, ya kasa kama nono da kyau, jikinsa ya yi sanyi, shawara ta kama shi. A birni sai a sa shi a kwalba. A garin da wutar asibiti ta dogara da janareto, wannan ba ƙaramar caca ba ce. Likitocin mata na Amurka ma tun 2013 suka daina yi wa sati 37 zuwa 42 kuɗin goro: sati 37 da 38 suka ce farko-farkon cika ne, cikar sosai daga 39 take farawa. Don haka ko aiki za a yi wa mace na shiri, in ba wata larura, sai a bari ta kai 39.

Ke nan tayar da naƙuda don miji zai koma ci-rani, ko don ana son suna ya faɗo kafin azumi, ko don mai cikin ta gaji da nauyi, ba dalili ba ne. Gajiyar gaskiya ce, wadda ta ɗauki cikin wata tara a zafin Afrilu ta sani, amma ba ta kai a taɓa ɗan da bai gama shiri ba.

Sai dai karin maganar Inna yana da inda ya gaza. Akwai mangwaron da ke ruɓewa a kan reshe. Mabiya, wadda ɗa ke samun abinci da iska ta cikinta, ita ma tsufa take yi. Daga sati 41 aikinta kan fara ja da baya, ruwan da ɗa ke ciki ya ragu, wani lokaci ya yi kashi a ciki ya shaƙa. Wani kuma ya ci gaba da girma har kafaɗa ta maƙale wajen fita. Haɗarin mutuwar ɗa a ciki ba shi da yawa a kan mace ɗaya, amma kowane sati bayan 40 hawa yake yi. A Suwidin an gwada wannan a kan mata 2,760: rabi aka tayar musu da naƙuda a sati 41, rabi aka jira da su har 42. Dole aka dakatar da binciken a 2018 tun bai kai ƙarshe ba, domin jarirai 6 sun mutu a ɓangaren masu jira, ɗaya ɓangaren kuwa ko ɗaya. Suwidin fa, inda ba a rasa na'ura ko likita. Matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a tayar da naƙuda idan an tabbatar ciki ya kai sati 41, kada kuma a tayar kafin nan in komai lafiya. Kalmar "tabbatar" ɗin nan ita ce gishirin maganar.

A nan ne nake jin tsoron zancen "ciki ya kwanta". Mace ta wuce watanta, motsi ya ragu ko ya ɗauke, sai a ce ɗan barci yake, a shiga neman jiƙe-jiƙen tayar da shi. Ɗa yana barci a ciki, amma na mintoci ne, ba na kwanaki ba. Motsin da ya ragu ƙwarai daga yadda uwa ta saba ji, ranar ake zuwa asibiti, ba a kwana da shi.

Akwai wani binciken da 'yan boko ke yawo da shi a Facebook, gara in taɓa shi. A 2018 an fitar da sakamakon gwaji a Amurka kan mata sama da 6,000 masu cikin fari kuma lafiyayyu. Waɗanda aka tayar wa naƙuda a sati 39, kashi 18.6 cikin 100 ne suka ƙare da aiki, masu jira kuwa kashi 22.2. Wannan ya rushe tsohon zaton cewa ruwan naƙuda kai tsaye hanyar ɗakin tiyata ce. Amma matan nan duk an san kwanakin cikinsu tun farko, kowace da mai lura da bugun zuciyar ɗanta, ɗakin tiyata kuma taku kaɗan ne. Wanda ya ɗauko wannan sakamako ya kai shi ƙaramin asibitin da ma'aikaciya ɗaya ke kwana da tocila, ya ari rigar da ba tasa ba.

Duk wannan magana ce a kan cikin da ke lafiya. Akwai inda ba a ma zaman shawara. Babba a cikinsu hawan jinin masu ciki, wanda in ya yi tsanani yake zama jijjiga. Awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama, aka ga furotin a fitsari, ga ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari. Maganin hawan jini da allurar magnesiyam suna sayen lokaci ne kawai, ciwon daga mabiya yake, ba ya tafiya sai an rabu da cikin. In ya kai sati 37 sai a haihu, in ya yi tsanani ko bai kai ba. A gida kuwa kumburin nan ake yi wa murna, a ce ɗa namiji ne, in jijjigar ta zo a ce iska ce a kunna turare. Haka in faya ta fashe naƙuda ba ta biyo ba: ƙofa ta buɗe wa ƙwayoyin cuta ke nan, in ciki ya cika ba a son a wuce kwana guda ba a tayar ba. Wannan ruwan ne wasu ke cewa zaƙi ne ke zuba, a zauna ana shan saiwa kwana uku har zazzaɓi ya shiga. Mai ciwon suga, mai sikila, mai tagwaye, da wadda ɗanta ya daina girma, su ma likita kan tsayar musu da rana gwargwadon halinsu.

Wasu kuma ranar da za a sa musu ta aiki ce, ruwan naƙuda haramiyarsu ne. Wadda mabiya ta tare mata bakin mahaifa, alamarta zubar jini ba tare da ciwo ba. Wadda ɗanta ke gicciye. Wadda aka yi wa aiki sau biyu ko fiye. Mai aiki ɗaya tana iya haihuwa da kanta, amma a asibitin da ke da ɗakin tiyata, domin tabon nan yana iya tsagewa. Na san dalilin da ke sa mata gudun komawa: gorin kishiya da na dangin miji, a ce raguwa ce ba ta iya haihuwa. Gorin nan ya kai mata da yawa kabari.

Yaya ake tayar da naƙudar? Mutane da sun ji sunan, ƙarin ruwa suke hangowa, alhali shi ne matakin ƙarshe. Sai an fara duba bakin mahaifa, ya yi laushi ko yana nan da tauri. Wani lokaci ungozomar asibiti kan zagaya da yatsa ta ɗan raba fayar da bakin mahaifa, a sallami mace gida, naƙuda ta zo da kanta cikin kwana ɗaya ko biyu. In bai yi ba sai a sa wata siririyar roba mai balan-balan ta riƙa buɗa bakin a hankali, ko a ba da ƙwayar misofrostol. Daga nan ne ake ɗaura ruwan da aka zuba wa oksitosin, ana ƙirga ɗigonsa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ana sauraron zuciyar ɗa. Mai cikin fari takan kwana ɗaya, har biyu, kafin abin ya kankama, kuma ciwon yakan fi na naƙudar da ta zo da kanta zafi. Wani lokaci kuma ya ƙi, a ƙare da aiki. Shi ya sa ake son a yi shi inda za a iya yin aikin nan take, da jini a kusa.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Gidan da zai ƙi ruwan naƙuda a asibiti da sunan tawakkali, shi ne idan naƙuda ta yi tsawo zai aika yaro kemis a kira mai allura. Maganin ɗaya ne, oksitosin. Bambancin shi ne na asibiti ɗigo ne, in mahaifa ta matse fiye da kima sai a rufe robar. Wanda aka danna a cinya ya shiga ke nan, ba mai janyo shi. Mahaifa ta ƙulle ba sassauci, jini ya daina isa ga ɗa, in kuma ƙugu ya yi masa kaɗan ko kwanciyarsa ba daidai ba, sai mahaifar ta fashe. Matar da ta haihu shida ko bakwai ta fi kowa shiga wannan haɗari, ita ce kuwa aka fi sakin jiki da ita, a ce ai ta saba. Ƙwayar miso ma haka. Guda ɗaya maikirogiram 200 ce, abin da ake bayarwa don tayar da naƙuda kuwa 25 ne, kashi ɗaya cikin takwas. Ƙwayoyi ukun nan da ake ba mata su riƙe don tsayar da jini, bayan ɗa ya fito ake shan su, bayan an tabbatar babu na biyu a ciki. Wadda ta haɗiye su da ɗa a ciki ta sha ninki 24 na abin da likita zai ba ta.

Saura tambaya ta biyu, a ina ake jiran? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a lokacin, a Arewa maso Yamma haihuwa kusan 16 cikin 100 ce kawai ake yi a asibiti, a duk Najeriya kuma wadda ake yi ta hanyar aiki ba ta kai 3 cikin 100 ba. Wannan ba alamar matanmu sun fi na duniya sauƙin haihuwa ba ce, alama ce ta masu buƙatar aikin da ba su samu ba. Sashen masu yoyon fitsari na asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin MSF ke aiki tun 2008, da na asibitin Murtala a Kano, cike suke da matan da suka kwana biyu ko uku suna naƙuda a ɗaki, kan ɗa ya danne mafitsara har naman ya mutu.

Jira a Gyaɗi-Gyaɗi, inda Asibitin Malam Aminu Kano ke bayan gida, daban yake da jira a ƙauyen da ke bayan fadama. Naƙuda ba ta san dare ba, ba ta san damina ba. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin Haɗeja da Auyo da Ringim ya san akwai garuruwan da sai da kwale-kwale ake fita. Ƙarfe biyun dare, hanya ta yanke, maigida yana Legas wayarsa a kashe, ba wanda zai ce a tafi, ba wanda zai sa hannu a takardar aiki. An isa asibiti kuma a ce a kawo jini leda biyu, sai a fara neman wanda zai bayar. Akwai direbobin ƙungiyar NURTW da aka horar don ɗaukar masu naƙuda a wasu garuruwa, kuma a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da ke cikin shirin. Yana da kyau a tambaya tun a wajen awo ko asibitin da za a tura ki yana ciki, a kuma karɓi lambar direba. Duk da haka mota ba ta tsallake kogi.

A ganina macen ƙauye tana da zaɓi na uku da ba a cika lissafawa da shi ba: kada a tayar, kada kuma a jira a gida. Ciki ya kai sati 38, ta tattara kayanta ta koma gidan 'yar'uwa a Gumel ko Birnin Kudu ko Wudil ko Bichi, duk inda babban asibiti yake kusa, ta yi jiranta a can ana duba jininta da motsin ɗa. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu, goyon ciki ma ai ƙaura ce. Sai dai an saba yin ta zuwa gidan iyaye ko da ya fi gidan miji nisa da asibiti, kuma mai cikin fari, wadda ba a san yadda ƙugunta zai yi ba, ita ake kaiwa can. A bar wankan jego da kunun kanwa su zama a gidan Inna, haihuwar a yi ta kusa da likita. Izinin miji kuma a karɓe shi tun da rana tsaka, a gaban mahaifinsa ko yayansa, a san 'yan'uwa biyu da za su ba da jini, a ware kuɗin akuya ɗaya.

Da na buɗe katin ƙanwata, tambayar da na fara nema ita ce daga ina ranar ta fito. Ashe laulayi ya taɓa kwantar da ita ciki yana wata biyu da rabi, a lokacin aka yi mata sikanin, takardar na nan maƙale a bayan katin. Ranar Talatar da malama ta faɗa ita ce cikar sati 41, ba kintacen wata takwas ba ne. Da sikanin ɗin na makare ne, da ni ma na ce a koma a tambayi malama ko za a ƙara kwanaki ana sa ido. Na yi wa Inna bayani, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Baba ne ya ce, "Tunda ma'aikata sun faɗa, a tafi. Ai ba a kan hanya ake gyaran sirdi ba." Aka kira mijinta ya amince.

Ranar Lahadi muka tafi gidan Gwaggo a cikin gari, Inna na gaba da ƙullin kayanta da gorar rubutu. Litinin ta wuce shiru. Talata da safe aka ba ta gado, aka sa robar, sai da gari ya sake wayewa aka ɗaura ruwan. Inna ta kwana a barandar asibiti da carbi, duk nas ɗin da ta gifta sai ta ce, "'Yar nan, yaya ake ciki?" Laraba bayan la'asar ta sauka, namiji.

Da aka miƙo shi cikin zani, fatar hannunsa duk ta yi yaushi tana saɓa, faratansa sun zarce kan yatsu. Inna ta juya ɗan hannun ta daɗe tana kallo.

"Wannan kam ya kwana biyu da nuna," ta ce. "Ke, miƙo mini man kaɗanyar nan."